Wanda Yake Shan Shayin Amarya

Kullum in rana ta yi ja, Mai-tuta yakan ɗauki galan ɗin kananzir da tsumma da ashana, ya bi layin dogo zuwa sigina ta nesa don ya kunna mata fitila. Aikinsa ke nan tun yana saurayi. Ko akwai jirgi ko babu, doka ta ce fitilar nan ba ta kwana a mace. Tafiyar ba ta da wani nisa, amma da ka wuce ƙarshen dandamali, ka wuce tsohon tankin ruwa, babu gida babu gona. Sai ciyawa da kukan gyare, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalminka.

Tashar ta ga jiya ta ga yau. Tun zamanin jiragen kwal aka gina ta, saboda a nan ake samun ruwa wadatacce, inji ya tsaya ya sha, fasinja su sauka su miƙe ƙafa. Garin ma tashar ce ta haife shi: masu abinci suka kafa rumfuna, rumfuna suka zama gidaje. A wancan lokaci akwai jirgin safe, akwai na rana, akwai na magariba, ban da na kaya. Na magariba ya fi kowanne cika, shi ne ma yake ratsewa kan ɗan layin da ke bi ta gindin tanki. Sai aka shimfiɗa titin mota, motoci suka kwashe jama'a. Aka daina jiragen kwal, aka kawo masu shan mai. Aka soke na safe, aka soke na magariba. Layin tanki aka rufe shi, aka garƙama kwaɗo a ƙarfen da ake juya shi, ɓarayin ƙarfe kuma suka kwance ƙarshensa, ya zama layin da ba ya zuwa ko'ina sai cikin ciyawa. Yanzu jirgin fasinja sau biyu yake zuwa a mako, da rana tsaka, in ya ga dama. Na kaya kuwa sai dai ka gan shi. Ma'aikata saura biyu: shugaban tasha, wani tsoho da kowa ke ce wa Baba, sai Mai-tuta.

Matar Mai-tuta ce take sayar da shayi da burodi a dandamali ranar jirgi. Tun ranar da aka kawo ta kwatas ɗin ma'aikata ake ce mata Amarya, sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Mace ce mai fara'a, dariya ba ta yi mata wuya. Shayinta kuwa, masu duba tikiti tun daga tashar baya suke yi wa fasinja tallarsa. Mai-tuta yana sonta, irin son da ba ya barin zuciya ta huta, ga shi ba mai magana ba ne. In yana tsaye da tutarsa a ƙarshen dandamali, ido ɗaya na kan jirgi, ɗaya na kan teburinta, yana lura da duk wanda ya buɗe mata haƙora.

Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne direban jirgin fasinja, wani mai sanƙo da tumbi da ake kira Gajere. Shi da bakinsa yake cewa Allah ya hana shi tsawo amma ya ba shi dogo. Jirgi na tsayawa zai diro ya nufi teburin, ya ce matar yaya a taimaki bawan Allah, wai shayin nan nata ko gawa aka ɗiga wa sai ta yi atishawa. Amarya ta yi ta dariya har da riƙe ciki. In zai tashi kuma sai ya ja jiniya, doguwa guda da gajeru a bayanta, ya ce godiyar shayi ce. Duk gari an san ta, har ana kiranta godiyar Amarya.

Kowa wasa ya ɗauki abin, ban da mutum ɗaya. In jiniyar nan ta tashi, ji yake kamar a cikin haƙarƙarinsa ake hura ta. Ya fara da gunaguni, ya koma ƙin cin abinci ranar jirgi, daga ƙarshe ya ɗauke teburin ya jefa bayan ɗaki, ya ce sana'a ta ƙare. Ta roƙe shi, Baba ma ya sa baki, ya ce sam.

Wata rana da yamma, yana ɗaure takalmi zai tafi kunna fitila, ta sake tayar da maganar. Ta ce zaman ɗaki ya ishe ta, ba wanda take gani, ba wanda take ji, shi kuma in ya dawo kamar an ɗinke masa baki. Ai kuwa sai ya fashe. Ya ce ba mutane take kewa ba, jirgi take kewa da na cikinsa.

Ya ce, "Tunda jirgi kike so, jirgin ya zo ya ɗauke ki. Ke da masu shan shayinki, na bar musu."

Ta ce a hankali, "Maigida, magariba ce fa. Ka iya bakinka."

Ya ɗauki galan ya fita.

Ba a yi mako ba abin ya fara. Ranar babu jirgi, ba a kuma sa ran wani. Ya hau tsanin sigina, ya goge gilashi, ya zuba kananzir, ya kunna. Yana saukowa sai ya ji ta. Doguwa guda, gajeru a bayanta. Daga wajen tasha take fitowa, amma ba ta da kaurin jiniyar jirgin mai. Siririya ce, mai laushi, kamar da numfashi ake hura ta.

Ya durƙusa ya dafa ƙarfen dogo. Sanyi ƙalau, ko motsi babu. Babu jirgin da ke kan layin nan.

Da gudu ya isa gida. Ya same ta a ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon layin tanki. Ta sa kwalli, ta ɗaura zanen da take ajiyewa don fita unguwa. Buta na tafasa a kan murhu. A bakin taga ga kofi, an shanye, har yanzu da ɗuminsa. Ɗakin kuma yana wani wari da bai ji ba tun yana yaro, warin hayaƙin kwal da ruwan zafi a kan ƙarfe.

Ya tambaye ta wa ya zo. Ta ce fasinja ne ya nemi shayi ta taga. Ya ce wane fasinja, yau akwai jirgi ne? Sai ta dubi kofin, ta dubi zanen jikinta, kamar wadda aka tasa daga barci, ta ce wallahi ba ta sani ba.

Da wani ne, da tun nan tsoro ya kama shi. Amma mai kishi ko aljani ya gani, kwarto zai ce. Nan take ya gama lissafinsa: Gajere ne yake saɗaɗowa a babur ranar da ba ya aiki, da usur a aljihu, yana hura mata alama.

Abin ya ci gaba. Duk magariba sai ya ji godiyar, duk gudun da zai yi kuma ba ya tarar da kowa. Ya zagaya bayan taga ya duba ƙasa, babu sawun babur babu na mutum, ya ce wayo ne, share shi ake yi. Kofi ɗaya ya koma jeri a bakin taga. Sukari yana ƙarewa kamar ana zubarwa. Amarya ta rame, da rana sai ta zauna shiru tana kallon bango, amma da inuwa ta fara tsawo sai fuskarta ta washe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne dariyarta. Tun daga nesa yake jiyo ta, irin dariyar da rabonsa da ita tun ranar da ya ɗauke teburi. Yana taɓa ƙofa sai ta ɗauke ɗif.

Ranar jirgi ya kasa haƙuri. Ya bar tuta a ƙasa, ya haura kan inji, ya ci kwalar Gajere, ya faɗa masa abin da ke bakinsa. Gajere bai yi fushi ba, bai kuma yi barkwancin da ya saba ba. Ya rantse rabonsa da garin nan in ba a kan jirgi ba tun bikin Mai-tuta da Amarya. Ya ce shi ya daina jan godiyar nan ma, in Mai-tuta ya lura, domin ranar ƙarshe da ya ja ta an amsa masa daga wajen tanki, sak yadda ya yi.

Ya rage murya ya ce, "Yaya, ka fitar da ita daga ɗakin nan. Yau, ba gobe ba."

Mai-tuta bai ji gargaɗi a maganar ba, damuwar da ke cikin muryar kawai ya ji, ta ƙara masa wuta. Da jirgi ya tafi, Baba ya ja shi ofis ya zaunar da shi. Ya ba shi labarin da ya ji daga wanda ya gada, cewa jirgin magariba yana da wasu fasinjoji da ke shiga daga gindin tanki, ba su taɓa yankar tikiti ba, kuma ko da aka soke jirgin ba wanda ya je ya sanar da su. Mai-tuta ya yi godiya ya fito, yana cewa a ransa har tsohon ma an saye shi.

Ran nan tun rana na sama ya je ya kunna fitilar sigina. Ya dawo ta cikin ciyawa, ya laɓe a gindin tanki, inda yake hango ƙofar baya ta gidansa. Ya zo da guntun ƙarfe, da fitilar hannu ta aiki, mai jan gilashi da kore, ya kunna ta ya lulluɓe da tsumma. So yake ya haska fuskar mutumin kafin ya sauke masa ƙarfen.

Rana ta faɗi. Sama ta yi jaja-jaja, ta fara toka.

Gyare suka yi shiru. Ba a hankali ba, gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Wani abu ya ɗiga a ƙeyarsa. Ya shafa. Ruwa ne, mai ɗumi. Ya ɗaga kai. Tankin nan tun kafin ya fara aiki yake a bushe, gindinsa duk huji.

Ya sake ɗiga.

Sai ya ji tafin ƙafarsa na kaɗawa. Ya duba ƙasa. Tsohon dogon da yake tsaye a kai yana rawa, ɓawon tsatsa na tsalle a kansa kamar gero a faifai.

Ya matsa gefe. Warin kwal ya cika masa hanci.

Daga cikin ciyawa abin ya fito, daga inda layi ya yanke. Babu fitila a goshinsa. Baƙi ne wuluk, ya fi duhun da ke bayansa. Ba ya ƙara, numfashi kawai yake yi, a hankali, kamar babbar dabba mai barci. Ya wuce ta gabansa har zafin tururi ya dafa masa fuska. Taragai na katako suka biyo baya, tagogi a buɗe.

Cike suke da fasinja. Ba mai tari, ba mai motsi. Kowa ya juya fuska wajen gidansa.

Jirgin ya tsaya.

Ƙofar baya ta buɗe. Amarya ta fito da tire a hannu, kofuna na hayaƙi a kai. Ba takalmi a ƙafarta, tana taka tsakuwa kamar tabarma. Tana dariya, tana yi wa mutanen sannu da hanya.

Hannuwa suka fara fitowa ta tagogi. Masu su ba su sunkuyo ba. Hannuwan ne kawai suke miƙowa, suna ƙara tsawo, har su iso kan tire, su ɗauki kofi, su koma.

Ƙarfen ya suɓuce daga hannun Mai-tuta. Ya so ya yi addu'a, harshe ya manne a ganɗa. Gudu ne a ransa, kuma saura ƙiris ya gudu.

Sai ya ga ta tsaya a ƙofar taragon ƙarshe.

Akwai wani a tsaye a wurin. Tsawonsa ya sa ya lanƙwasa wuya a ƙarƙashin ƙofar. Ba a ganin fuskarsa. Amarya ta ajiye tire a ƙasa, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga kai ta yi masa murmushi.

Mai-tuta ya san murmushin nan. Nasa ne. Shi aka yi wa shi ranar da aka kawo ta.

Tsoro ya riƙe masa ƙafa, kishi ya fizge ƙafar.

Kafin ya isa, dogon da ke ƙofar ya miƙo hannu, ta ba shi nata, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala. Mai-tuta ya cafki ɗaya hannun. Sanyi ƙarara, kamar ƙarfen dogo da asuba.

"Sake ta." Muryar ba daga ƙofar ta fito ba. A cikin kunnensa aka raɗa.

Da ƙyar ya ce, "Matata ce."

"Ka bar mana. Da bakinka. Mun ji."

Amarya ta waiwayo. Idonta a buɗe, amma ba shi take gani ba.

Ta ce, "Maigida, bari mana. Su ba sa faɗa."

Usur ya tashi, siriri. Jirgin ya motsa, yana komawa da baya inda ya fito.

Ya ja shi. Takalminsa na kartar tsakuwa, kafaɗarsa kamar za ta ɓalle. Gaba kaɗan layin zai ƙare, ciyawa ce kawai da duhu.

Fitilar na rataye a gwiwar hannunsa. Ya fizge tsumman da haƙori, ya ɗaga ta sama yadda ya saba ɗagawa.

Ja.

Ƙafafun jirgin suka yi wata ƙara kamar kukan mace. Ya tsaya cak.

Duk fuskokin da ke tagogi suka juyo gare shi lokaci guda. Bai dube su ba. Ya runtse ido.

"Kore," aka raɗa.

Wata taga ta ɗauka, wata ta karɓa, har jirgin duka yana raɗa. Kore. Ba mu kore.

Ya ji babban yatsansa na tafiya da kansa wajen maɓallin da ke juya gilashi. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Da zafin cizon harshensa ya saku, sunan Allah ya fito, a karye, amma ya fito.

Sai ya kira ta. Ba Amarya ba. Sunanta na yanka ya kira, wanda uwarta kaɗai ke kiranta da shi.

Ya ce, "Ƙarya na yi. Ban bar wa kowa ke ba. Ki yafe ni, ki sauko."

Hannun da ke cikin nasa ya yi ɗumi.

Ta ja numfashi kamar wadda ta fito daga ƙasan ruwa. Ta dubi abin da ke riƙe da ita. Ta ƙwalla ƙara.

Ya fizgo ta da duk ƙarfinsa. Ya ji ƙaurin fata. Suka zube tare a kan tsakuwa, fitilar ta fashe, ta mutu.

Shiru.

Da ya buɗe ido babu komai a kan layin sai tsatsa da ciyawa. Kofuna na jere a gefen dogo, a kife, an shanye. Can nesa gyare ɗaya ya gwada murya, saura suka bi.

Baba ne ya tsince su, ƙarar da ta yi ce ta fito da shi daga ofis. Amarya ta daɗe kwance tana zazzaɓi, ana yi mata addu'a, har Allah ya tashi kafaɗunta. Mai-tuta bai jira an ba shi canjin wurin aiki ba, ya ajiye aikin, suka koma wani gari da ko a mafarki jirgi bai taɓa bi ba. Ya buɗe ɗan shago, ita take zama a gaba, shi yana ciki. Ta yi hira da wanda ta so, bai ƙara ɗaga mata murya ba.

Sai dai a wuyan hannunta na dama akwai tabon ƙuna, zanen yatsu, ya zagaye hannun har ya haɗe. Ba ya ciwo. Da magariba ne kawai yake ɗaukar ɗumi.

An yi shekaru bai tambaye ta komai ba. Wata rana suna zaune a ƙofar shago, rana na faɗuwa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce shi dai abu ɗaya yake so ya sani, me suke cewa ita da wancan a bakin taga har take irin wannan dariya?

Ta ce ba ta tuna ya taɓa cewa komai ba. Ita ce take magana, shi yana saurare.

Mai-tuta ya kama wuyan hannun nata, ya ɗora yatsunsa a kan tabon, ɗaya bayan ɗaya, ya matse. Duk yadda ya miƙe su, ba su rufe shi ba.